Kasuwar Alewa A Jos: Ciniki Mai Bin Lokutan Bukukuwa

JOS — Alewa tana cikin kayayyakin da kasuwarsu ke tashi da faɗuwa bisa lokaci. A garin Jos, inda Musulmi da Kirista suke zaune da yawa, 'yan tireda da mata masu sana'a a gida suna samun babbar kasuwa sau uku a shekara: Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah da kuma Kirsimeti. A waɗannan ranaku ne yara suke kashe kuɗin barka da Sallah, magidanta kuma su tanadi abin ba baƙi.

Alewar iri biyu ce. Akwai ta kamfani, kamar Tom Tom da kamfanin Cadbury yake yi a Legas, akwai kuma ta gida, wato irin su alewar madara, gullisuwa, iloka da kantun riɗi. Dukkansu sukari ne ginshiƙinsu, don haka farashinsa ne yake yanke ribar mai sana'a.

Nijeriya tana shigo da fiye da kashi 90 cikin 100 na sukarin da take sha, akasari ɗanye daga Barazil, sannan kamfanoni irin su Dangote da BUA su tace shi. Ko da yake an kafa Hukumar Bunƙasa Sukari ta Ƙasa tun 1993, abin da ake samu daga gonakin rake kamar na Numan bai kai ga biyan bukata ba. Saboda haka duk lokacin da darajar naira ta faɗi, sai buhun sukari ya yi tsada. An ga haka bayan Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin canji a watan Yunin 2023, inda dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa fiye da naira 1,500 a farkon 2024. Janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara kuɗin dakon kaya daga Legas zuwa Filato. Bugu da ƙari, a watan azumi ake shan sukari da yawa a kunu da shayi, wato daidai lokacin da masu alewa suke sarinsa domin Sallah.

Tun da yake mai sayen alewa yawanci yaro ne mai ɗan canji a hannu, ƙara kuɗi yana da wuya. Abin da masu sana'ar suka fi yi shi ne rage girman yanka.

Haɗari na biyu shi ne kwantai. Da zarar biki ya wuce sai ciniki ya ja baya, alewar madara kuwa ba ta daɗewa, danshin damina ma yana sa ta kamfani ta yi danƙo. Shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka ranakun Sallah suna zagayawa. A 2007 Babbar Sallah ta zo 'yan kwanaki kafin Kirsimeti, kasuwa biyu suka haɗe cikin mako guda. A 2025 kuwa Ƙaramar Sallah ta faɗo a ƙarshen Maris, Babbar Sallah a farkon Yuni, cikin damina.

Ke nan mai wannan sana'a yana bukatar ya sari sukari kafin azumi ya kama, kuma ya yi alewa gwargwadon abin da zai iya sayarwa kafin biki ya watse.