Lafiyar ƴan mata da samari: abin da masu bincike suka gano a ƙasar Nijar

Akwai wata magana da ba a cika yin ta a zauren gida ko a rumfar kasuwa ba, domin kunya ta hana, alhali kuwa ta shafi kowane magidanci, ɗan kasuwa ne shi ko ma'aikacin gwamnati. Maganar ita ce lafiyar ƴaƴanmu da suka fita ƙuruciya amma ba su kai manya ba, wato masu shekara 10 zuwa 19 da haihuwa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ƴan kai a ƙasar nan, kuma kusan rabinsu ba su cika shekara 15 ba. Ke nan duk abin da ya taɓa lafiyar matasa ya taɓa ƙasar baki ɗaya.

Tun 1992 ake gudanar da babban bincike kan yawan jama'a da lafiyarsu a Nijar, aka sake yi a 1998, da 2006, da 2012. Ma'aikata kan bi gida gida, birni da ƙauye, mata su tambayi mata, maza su tambayi maza. Binciken 2012 ya nuna cewa cikin mata masu shekara 20 zuwa 24, kashi 76 bisa 100 an ɗaura musu aure kafin su cika 18, kashi 28 kuwa kafin su cika 15. A jihar Maraɗi abin ya kai kashi 89, a jihar Damagaram kashi 87. Haka nan cikin ƴan mata masu shekara 15 zuwa 19, kashi 40 sun riga sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. A wancan lokaci lissafi ya nuna kowace mace kan haifi ƴaƴa 7,6 a rayuwarta, sannan binciken 2021 ya nuna adadin ya sauko zuwa 6,2.

Waɗannan alƙaluma suna koya mana wani abu da ya bambanta ƙasarmu da ƙasashen Turai. A can, idan an ce lafiyar jima'i ta matasa, hankali yakan tafi ga samari da ƴan mata marasa aure. A nan kuwa, mafi yawan yarinyar da abin ya shafa matar aure ce, tana ɗakin mijinta, ƙarƙashin idon uwar miji. Ta bar lakwal ko ba ta taɓa shiga ba, saboda haka darasin aji ba ya isa gare ta. Ba ta da bakin magana cikin manyan mata, kuma ba ta fita sai da izini. Ita ce wadda ta fi kowa bukatar likita, ita ce kuma ta fi kowa nisa da shi.

Me ya sa likitoci suke damuwa da cikin yarinya ƙarama? Dalilin yana cikin halittar jiki. Yarinya kan fara jinin al'ada alhali ƙasusuwan ƙugunta ba su gama buɗewa ba, balle idan ta tashi cikin ƙarancin abinci, kamar yadda yakan faru a shekarun fari. Idan ta ɗauki ciki, ita da abin da ke cikinta suna rabon abinci guda, ga shi kuma ita kanta ba ta gama girma ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa uwa mai shekara 10 zuwa 19 ta fi mai shekara 20 zuwa 24 haɗarin kamuwa da jijjigar masu ciki da cututtukan bayan haihuwa, kuma jaririnta ya fi haɗarin zuwa bakwaini ko da ƙarancin nauyi. Ƙarancin jini ma yana ƙara dagula lamarin, domin binciken 2012 ya same shi a jikin kusan rabin matan ƙasar masu shekarun haihuwa.

Yoyon fitsari na daga cikin mafi munin abin da kan biyo baya. Idan naƙuda ta yi tsawo, kwana biyu ko uku, kan jariri ya tokare, yakan matse mafitsara a jikin ƙashi har jini ya daina zagayawa a wurin, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe. Galibi jaririn ma ba ya rayuwa. A 2012 aka buɗe cibiyar aikin wannan ciwo a Danja, kusa da Maraɗi, ban da wadda ke Yamai. Wata mai bincike ƴar Amurka, Alison Heller, ta bi sawun mata 100 masu wannan lalura a Nijar, ta fitar da littafinta a 2018. Ta gano cewa ba dukansu ne suka samu ciwon a haihuwar fari ba, ba duka ne kuma mazansu suka sake su ba, kamar yadda ake yawan faɗa. Abin da ya fi cin ransu shi ne jiran aiki na watanni, da aikin da ake yi bai kama ba. Darasin a nan shi ne, ƙarancin shekaru haɗari ne, amma jinkirin kai mai naƙuda likita, da jinkirin da ake samu a likitar kanta, su ma suna da nasu kason.

To, me ke kawo jinkirin? A 2007 an yi wani bincike a jihar Damagaram da taimakon Asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, domin a san abin da ke hana mata zuwa awon ciki da gidan haihuwa. Aka tarar cewa babbar magana tana hannun maigida: shi ke ba da izini, shi ke biyan kuɗin amalanke ko mota. Daga nan aka kafa makarantar mazaje a 2008, inda magidanta masu mutunci a gari suke haɗuwa da ma'aikatan lafiya, su fahimci lamarin, sannan su jawo hankalin ƴan uwansu. Tsarin ya bazu zuwa sauran jihohi, har wasu ƙasashen maƙwabta suka ɗauka. Akwai kuma kunyar ɗan fari, wadda kan sa yarinya ta ɓoye cikinta, ta danne zafin naƙuda don kada a ce raguwa ce. Kunya ado ce, amma idan ta kai ga rasa rai, ya kamata manyan mata su sassauta mata.

A jihar Doso an yi wani gwaji daga 2016, cikin ƙauyuka 48 na yankunan Doso, da Dogon Dutsi, da Loga, kan matan aure masu shekara 13 zuwa 19 tare da mazansu. A wasu ƙauyuka wakilan lafiya na gari suna zuwa har gida, a wasu ana zaman tattaunawa, mata daban maza daban, wasu kuma aka bar su yadda suke domin a kwatanta. Sakamakon ya nuna cewa inda ake zuwa gida, amfani da hanyoyin tazarar haihuwa ya ƙaru ƙwarai, inda kuma ake zaman tattaunawa, dukan mata ya ragu. Ma'ana, idan aka je wa mutane da ladabi, cikin harshensu, aka sa miji a ciki, suna saurare.

Laifin bai tsaya ga iyalai kaɗai ba. A 2005 da 2006 gwamnati ta mai da fiɗar haihuwa, da awon ciki, da tsarin iyali, da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, kuma a 2006 aka kafa doka kan lafiyar haihuwa. Amma masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai sun nuna yadda jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya jawo yankewar magunguna, sun kuma rubuta a kan mugunyar tarba da marasa lafiya kan gamu da ita. Yarinyar da aka daka wa tsawa ran da ta fara zuwa awo, da wuya ta sake komawa. Wannan magana ce da ta dace ma'aikatan lafiya da shugabanninsu su duba da idon basira.

Game da karatu, bincike ya nuna abu guda: yarinyar da ta kai kwaleji ta fi jinkirta aure da haihuwa, ta fi zuwa awo, ƴaƴanta kuma sun fi tsira. Dokar farar hula da aka gada daga Faransa ta sa shekarun aure 15 ga mace, 18 ga namiji, ga shi kuma mafi yawan aure bisa al'ada da addini ake ɗaura shi. A Disamban 2017 gwamnati ta sa hannu kan wata doka ta kare yarinyar da ke karatu. Shirin Illimin, wanda aka fara a 2013, shi ma ya tara ƴan matan da ba sa lakwal, ana koya musu karatu, da lissafi, da sanin jikinsu.

Samari kuwa an fi mantawa da su. Saurayin da ke kwana a fada yana shan shayi don rashin aikin yi, ko wanda ya tafi cin rani Kano, Legas ko Abijan, yana fuskantar cututtukan saduwa, har da sida, da ƙwayoyi irin su taramol, da baƙin cikin da ba ya iya faɗa wa kowa. Gobe shi ne angon da za a miƙa wa ƴar mutane, kuma abin da ya sani ko ya jahilta zai bi shi har ɗakinsa.

Masu karatu, ku ne ake jin maganarku a dangi. Alhajin da ke da shago a babbar kasuwar Maraɗi, da ma'aikacin da ke aika kuɗi ƙauye ƙarshen wata, idan suka ce a bar yarinya ta gama karatu, za a bar ta. Idan an riga an yi auren, to a kai ta awo tun cikin yana ƙarami, a tanadi kuɗin mota kafin watan haihuwa ya kama, kada kuma a bari rana ta faɗi sau biyu a kan mai naƙuda tana gida. Malamai da sarakuna su ma suna da rawar da za su taka, tun da kiyaye rai wajibi ne a addini. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.