Batura masu girman kwantena: daga Stratford zuwa Tilbury

Rufin London Stadium da ke unguwar Stratford, inda aka yi gasar Olamfik ta 2012, gidan West Ham tun 2016, yanzu lulluɓe yake da sola mai faɗin murabba'in mita 6,500. Aikin ya lashe fam miliyan 4.35, ana kuma sa ran zai riƙa ba da wutar da ta haura kilowat-awa 850,000 a shekara. In ka raba wannan gida 365, wutar yini guda ba za ta cika cikin Megapack ɗaya ba, wato batirin nan na kamfanin Tesla: farin akwati mai girman kwantena, nauyinsa wajen tan 38.

Su Arsenal ta wata hanyar suka ɓullo. Tun 2018 suka girka batir a filinsu na Emirates, wanda zai iya riƙe filin na tsawon minti 90. A cika shi lokacin da wuta take araha, a sha lokacin da ta yi tsada. Na filin Ajax a Amsterdam ya fi ban sha'awa: da baturan motar Nissan Leaf aka haɗa shi, sababbi da tsofaffi.

Bas mai lamba 69, wadda ke ratsa Stratford, an taɓa gwada mata caji ba waya. Sai ta tsaya kan wani faranti da aka binne a ƙasa a tashar Canning Town ko Walthamstow, batir ya sha wuta kafin fasinja su gama hawa.

Manyan baturan kuwa suna bayan gari. Na Pillswood, kusa da Hull, ya fara aiki a ƙarshen 2022 a matsayin mafi girma a Turai: megawat 98, fam miliyan 75, wutar gidaje 300,000. Amma fa na awa biyu kacal. Kowane batir lamba biyu gare shi, ƙarfin da yake fitarwa da kuma yawan abin da ya tara, kuma ta farkon masu talla suka fi son faɗa. Duk wanda ya taɓa jona firji da dutsen guga a inbata ya san zancen. Na Thurrock da ke Tilbury, a gabas da Landan, ya ninka Pillswood sau uku, shi ma awa biyun ne. Ba don ya raba dare ana wuta aka gina shi ba, don ya tare cunkoson magariba ne.

Farashi kuwa sai gangarowa yake. A 2010 kilowat-awa ɗaya na batirin litiyam ya haura dala 1,000. A 2024, bisa lissafin BloombergNEF, dala 115 ne.

A 2017 Elon Musk na kamfanin Tesla ya yi wa jihar Kudancin Ostareliya alkawarin batir cikin kwana 100, in ya saɓa su ɗauka kyauta. Ya cika. John Goodenough, wanda aikinsa a Oxford a 1980 ya share wa batirin litiyam hanya, sai da ya kai shekara 97 kafin ya karɓi kyautar Nobel.

Wutar litiyam dai ba ta jin ruwa da sauƙi. Gobarar tashar batura ta Moss Landing a Kalifoniya, a Janairun 2025, ta sa an kwashe mutane sama da dubu daga gidajensu, aka kuma rufe babban titin da ya bi ta gefen tashar.