Yadda Ake Kula da Injin Kwale-kwale

Tun da aka gama ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1968, sufurin jirgin ruwa ya ƙara bunƙasa a ƙasar Yawuri da Borgu. A yau, daga Lakwaja zuwa Baga a bakin Tafkin Chadi, har ma a ɗan tafkin Jabi da ke tsakiyar Abuja, inji ne ya karɓi aikin filafili da gora. Wannan inji da ake ɗaurawa a bayan kwale-kwale ba sabon abu ba ne: tun a 1909 wani maƙeri a Amurka mai suna Ole Evinrude ya ƙera irinsa. Amma sanin yadda ake kula da shi bai yaɗu kamar yadda shi kansa injin ya yaɗu ba.

Al'amarin kuwa na rai ne. A watan Yuni na 2023 mutane fiye da 100 suka rasu a Kogin Kwara kusa da Pategi, suna komowa daga biki. Dalilan hatsari irin wannan suna da yawa, watau lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da ruɓaɓɓen katako, da kututturan da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Mutuwar inji a tsakiyar kogi ita ma tana cikinsu, domin jirgin da ba shi da ƙarfin tafiya ba ya juyuwa, sai inda igiyar ruwa ta ga dama ta kai shi.

Galibin injunan da masunta da masu fito ke amfani da su, irin su Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, masu bugu biyu ne. Ba su da ma'ajin baƙin mai kamar na mota. A cikin fetur ake zuba man, shi ne yake bi ya shafe sassan da ke gogayya a ciki. Awon da aka fi sani shi ne kashi 1 na mai a cikin kashi 50 na fetur, watau rabin lita ga tanki mai cin lita 25. Sabon inji yana bukatar fiye da haka a sa'o'insa na farko, kuma littafin da ya zo da shi ne alƙali. In man ya gaza, inji ya yi zafi, fistin ya kame. In ya yi yawa, hayaƙi ya tashi, fulogi ya toshe. Mai jirgin da ke awo da ido, ko kuma ya zuba baƙin man da aka juye daga mota don rangwamen kuɗi, lalle yana tara wa kansa bashin da makaniki zai karɓa. Har wa yau a tace fetur kafin a zuba, gama ruwa da ƙasa da ke cikin jarka su ne ke toshe kabureta.

Abin da ya fi kowane muhimmanci shi ne ruwan sanyaya inji. A ƙasan injin akwai 'yan ƙofofi da ke shan ruwan kogi, sa'an nan wani ɗan famfo mai fukafukan roba ya tura shi sama ya kewaya. Shaidar cewa famfon yana aiki ita ce siririn ruwan nan da ke tsartowa daga bayan inji. Wajibi ne matuƙi ya dube shi da zarar ya ja igiya, ya kuma riƙa waiwayensa a hanya. In ya tsaya, a kashe inji nan take. Sau da yawa leda ce ko kainuwa ta rufe ƙofofin, cirewa kawai za a yi. Amma da rani, sa'ad da kogi ya janye jirage suna gogar tudun yashi, yashin yana cinye robar a hankali, don haka a canja ta sau ɗaya a shekara ko da ba ta nuna gajiya ba. Akwai wata ɗabi'a ta tayar da inji a tudu don mai saye ya ji ƙararsa. Wannan ɓarna ce, domin robar da ta juya babu ruwa tana ƙonewa cikin ɗan lokaci kaɗan.

Farfela ita ma tana da nata sirri. Zaren koma yakan nannaɗe a bayanta inda ido ba ya gani, ya yanke robar da ke tsare man giya, ruwa ya shiga. Saboda haka a riƙa kwance farfela ana cire zaren, a shafa giris a mayar. Man giya kuwa a juye shi bayan kowane awa 100 na aiki, ko wata 6. In ya fito fari-fari kamar an gauraya shi da madara, ruwa ya riga ya shiga, sai a kai wa makaniki kafin haƙoran giya su lalace.

Kada jirgi ya bar gaɓa ba tare da fulogi na ko-ta-kwana ba, da sufanarsa, da igiyar tayarwa, da filafili.

Kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa yana hannun hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997, hedkwatarta a Lakwaja. Tun 2023 tana ƙarƙashin ma'aikatar tarayya mai kula da harkokin teku da ke Abuja. Hukumar ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta wa kowane fasinja sa rigar kariya daga nutsewa. Fasinjan da ya ga matuƙi yana ta fama da igiya inji ya ƙi tashi, ko ya ga babu ruwan da ke tsartowa a baya, yana da ikon ya sauka ya jira wani jirgin.