Fim ɗin da ya saurari yaran Kolofata

A 2023 fim ɗin Cyrielle Raingou, 'yar Kamaru, mai suna Le Spectre de Boko Haram, ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na Rotterdam. Fim ne na gaskiya, babu ɗan wasa. An ɗauke shi a Kolofata da ke Kamaru, bakin iyakar Najeriya, inda kyamara ta bi yara uku da ke zuwa makaranta yayin da sojoji ke gadi. Ba a nuna gawa ba; bakin yara kaɗai ya isa.

Irin wannan aiki sai da ƙarfin hali. Misali, Ahmed Abba, wakilin RFI Hausa a lokacin, an kama shi a garin Marwa na Kamaru a 2015 saboda aikin jarida kan Boko Haram, sai Disamban 2017 aka sake shi.