Sa'a ko raga: abin da ke raba ɗan tseren ƙanƙara da kabari

Ranar 13 ga Fabrairun 1998, a gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Nagano ta ƙasar Japan, Hermann Maier ɗan Ostiriya ya faɗa gangara. Bai cika daƙiƙa 20 ba wata kwana ta fi ƙarfinsa. Ya yi sama a gicciye kamar buhun da aka wurgo daga kan mota, ya sauko ta ka, ya wuntsila, ya keta raga biyu, ya nutse cikin dusar ƙanƙara. Masu kallo suka yi tsit. Can sai ga mutumin ya miƙe yana karkaɗe jiki. Bayan kwana uku ya ci lambar zinare, bayan wasu ukun ya ƙara ta biyu. Maier, wanda magini ne kafin ya yi suna, ya tsallake rijiya da baya, kuma duk wanda ya ga hoton nan abu ɗaya yake cewa: yana da sauran shan ruwa.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ɗan tsere yana ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa, ya zamo daga kan tsauni yana bi ta tsakanin tutoci, agogo na ƙirga masa lokaci. A tseren gangara, wanda ya fi kowanne sauri, kusan babu abin da ke jikinsa sai hular kwano da wata riga mai kama jiki kamar fata. A 2013 Johan Clarey na Faransa ya kai gudun kilomita 161.9 a awa a Wengen ta Suwizalan. Filin ma ba dusa ce mai laushi ba. Ana tsirta mata ruwa ta daskare ta zama kamar siminti, don kada ta farfashe kafin na ƙarshe ya sauko.

Sa'a kam akwai ta a nan, ba wanda zai musa. Gajimare na iya rufe rana ana tsakiyar gasa, wanda ya sauko da farko ya ga kowane tudu da kwari, na bayansa ya ga fari fat kawai. Iska na iya tura wani, ta tare wani. A gasar Olamfik ta Pyeongchang a 2018, Ester Ledecká 'yar ƙasar Cek ta fito da lamba 26, lokacin da wasu masu watsa gasar sun riga sun miƙa wa Anna Veith ta Ostiriya zinare. Ta doke ta da ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa. Ta tsaya baki buɗe tana kallon allon sakamako, tana zaton agogon ne ya yi kuskure. Irin wannan ratar ko ƙiftawar ido ta fi ta tsawo.

Sai dai kalmar sa'a tana da daɗin fakewa, kuma a ganina an fi ɗora mata kayan da ba nata ba. A 2006 hukumar wasan ta duniya, FIS, ta fara tattara bayanan rauni tare da wata cibiyar bincike da ke Oslo. Abin da aka gano shi ne kusan ɗaya cikin uku na 'yan gasar Kofin Duniya yana jin rauni a kowace kakar wasa, kuma gwiwa ce kan gaba. Dalilin a fili yake. Allunan zamani suna da tsukakken ƙugu da baki mai kaifi, suna kama ƙanƙara su sha kwana da kansu. Idan ɗan tsere ya ɗan karkata baya, allon ya kama hanyarsa, jiki kuwa ya nufi wata, sai jijiyar da ke riƙe da tsakiyar gwiwa ta tsinke, wani lokaci tun kafin ya kai ƙasa. Abin da ke samun mutum ɗaya cikin uku duk shekara ya wuce a kira shi tsautsayi, ya zama kuɗin shiga sana'ar.

Mu koma Wengen, domin a can ne lamarin ya fi fitowa sarari. Hanyar Lauberhorn ta fi kowace tsawo a Kofin Duniya, ta haura kilomita 4, ana yin kusan minti biyu da rabi a kanta. Dab da ƙarshe, lokacin da cinyoyi suka gama ƙonewa, akwai kwana biyu a jere. A Janairun 1991 Gernot Reinstadler, ɗan Ostiriya mai shekara 20, ya faɗi a wurin. Bakin allonsa ya shige cikin idon raga ya maƙale, gangar jikinsa kuma ta ci gaba da gudu. Ƙugunsa ya tsage, jini ya ƙare masa, ya cika a asibiti cikin daren. Bayan mutuwarsa aka sake fasalin ragar yadda allo ba zai sami inda zai shiga ba.

Shekara 33 bayan haka, ranar 13 ga Janairun 2024, Aleksander Aamodt Kilde na Norwe ya faɗi a wannan yanki, ya daki raga da ƙarfi. Kafaɗarsa ta goce, bakin allonsa ya yanke shi a sha raɓa yanka mai zurfi, daga baya ciwon kafaɗar ya kama ƙwayoyin cuta ya hana shi kakar wasa guda cur. Amma yana raye. Jaridu suka ce ya yi sa'a. Haka ne, sai dai wani ɓangare na sa'ar tasa an saƙa shi ne bayan jinin Reinstadler. Kuma faɗuwar ita ma tana da tarihi: an cusa wa Wengen ƙarin tsere a makon don cike gurbin wanda aka soke a Amurka, aka yi manyan tsere uku cikin kwana uku a jere, Kilde kuma ba ya jin daɗin jikinsa. Kwana ɗaya kafin nan Alexis Pinturault na Faransa ya tsinka jijiyar gwiwa a kan tsaunin. Jadawali dai mutane ne ke zama a ofis su tsara shi.

Haka labarin Matthias Lanzinger, wanda ya karye a Kvitfjell ta Norwe a Maris na 2008. An fara kai shi Lillehammer, sannan Oslo, kuma an daɗe ana muhawara kan jinkirin da aka samu. Bayan kwana biyu aka yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Bai daina zamiya ba, har ya je gasar nakasassu ta Sochi a 2014 ya dawo da azurfa.

Gyara yana zuwa, amma kullum a bayan gawa ko gurgu yake tafe. Akwai riga mai hura kanta da iska da zarar na'urorin jikinta sun ji ɗan tsere ya fara wuntsilawa. An fara ganin aikinta a gasa a Disambar 2015, lokacin da Matthias Mayer ya faɗi a Val Gardena. Ya karya ƙashin baya duk da haka, abin da ya bai wa masu ƙin ta abin faɗa. Sai a kakar 2024/25 aka wajabta ta a tseren sauri, shi ma da ƙofar neman uzuri, domin wasu na kukan tana takura su. Mutumin da ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa ke raba shi da zinare, ba ka ce masa ya ƙara kaya ya amsa da fara'a.

Wurin da ido bai cika kaiwa ba shi ne filin atisaye. Ranar gasa akwai raga jere-jere, likitoci a gefe, jirgi mai saukar ungulu na jira. A atisaye kowace tawaga da abin da aljihunta ya iya. Régine Cavagnoud ta Faransa ta rasu a 2001 bayan ta yi karo da wani koci a kan hanyar zamiya a Ostiriya. David Poisson, shi ma Bafaranshe, ya rasu a Nakiska ta Kanada a Nuwamban 2017, ya keta raga ya daki bishiya. Matilde Lorenzi 'yar Italiya, mai shekara 19, ta rasu a Oktoban 2024 bayan ta faɗi a Val Senales. Ba a cika shekara ba ɗan ƙasarsu Matteo Franzoso ya faɗi a La Parva ta Chile a Satumban 2025, ya cika yana da shekara 25. Dukkansu huɗun ba a gaban kyamarar gasa suka faɗi ba, kuma babu agogon zinare da ke ƙirga musu a lokacin.