Saka manhaja a Linux: ka sayi gari, ko ka fara daga damin gero?

Mai son tuwo zai iya sayen gari a kasuwa, ko kuma ya ɗauko damin gero ya yi sussuka da surfe, ya kai niƙa. Saka manhaja a Linux ma hanyoyi biyu ne irin waɗannan.

Kowace manhaja rubutu ce da mutane suka yi da harsunan kwamfuta irin su C. Wannan rubutun shi ake kira tushe, shi ne damin geron. Kwamfuta ba ta iya aiki da shi sai an juya shi zuwa harshen inji. In ka zaɓi wannan hanyar, za ka sauke tushen, ka buga ./configure don a duba ko injinka na da abubuwan da ake buƙata, sannan make ya yi juyin, sai make install ya ajiye kayan, galibi a /usr/local.

Hanya ta biyu ita ce manajan ƙunshi. Masu kula da Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, da Ubuntu da ta fito a 2004, sun riga sun yi niƙan sun ƙunsa. Ɗalibin da ke son R don lissafin bincikensa sai kawai ya buga sudo apt install r-base. APT zai kawo R tare da duk ƙananan manhajojin da ta dogara da su, ya duba sa hannun rumbun don tabbatar ba a yi wa kayan algus ba, ya kuma rubuta inda kowane fayil ya shiga.

To, ina wahalar hanya ta farko? Tana wajen waɗannan ƙananan manhajojin. Gina R daga tushe na buƙatar majuyin C da na Fortran da wasu tarin kaya. In abu ɗaya ya ɓace, ./configure zai tsaya, ka koma intanet ka nemo, ka sake gwadawa, ya sake tsayawa a kan wani. A inda sabis ke da ƙarfi wannan ɓata lokaci ne kawai. Amma a gari irin Tsaskiya a ƙaramar hukumar Safana, magana ta wuce haka. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Safana da Batsari da Dutsin-Ma, aka shafe watanni a haka. Wanda aikinsa ya tsaya a kan fayil ɗaya a irin wannan lokaci, sai ya yi tafiya kafin ya samo shi.

Ga irin wannan yanayin akwai apt-offline. Kwamfutar da ba ta da intanet za ta rubuta jerin abin da take buƙata a ɗan ƙaramin fayil. Ka sa shi a filasha, ka je inda ake da sabis, misali Katsina, ka sauke komai lokaci guda, ka dawo ka saka.

Sai batun tsaro. In aka gano ɓaraka a wata manhaja, sudo apt upgrade zai kawo gyaran duk abin da APT ya saka. Abin da ka gina da hannunka kuwa, APT bai san da shi ba. Kai ne za ka riƙa bibiyar labarinsa, ka sake ginawa. Cire shi ma aiki ne, don ba kowane tushe ke zuwa da make uninstall ba.

Wannan ba ya nufin tushe ba shi da rana. Ana komawa gare shi in babu manhajar a rumbun, ko bincikenka na buƙatar sabon fitowa, ko kana son gyara rubutun da kanka. Wannan damar ta karantawa da gyarawa ita ce ma ginshiƙin Linux tun da Linus Torvalds ya fara shi a 1991.

Don haka kafin ka sauke tushe, fara buga apt search da sunan manhajar. In tana nan, ɗauki garinka ka ɗora tukunya.