Hafsan Soja da Zama Ɗan Ƙasa Biyu: Haƙƙi Dabam, Amana Dabam

A ƙaddara wani saurayi ne daga Farin Dutse, cikin ƙasar Gwaram, ya gama karatu a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, yana so ya shiga makarantar hafsoshi ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964. Ubansa Bagwarame ne, uwarsa kuwa mutuniyar Damagaram ce, ta haife shi can gidan iyayenta. To, tambayoyi uku ke jiransa, waɗanda jama'a kan cuɗa su wuri ɗaya. Shin ɗan Nijeriya ne? Za a ɗauke shi soja? In ya zama hafsa, za a ba shi asirin yaƙi ya riƙe?

Tambaya ta fari doka ta warware ta. Tsarin mulkin 1960 da na 1963 da na 1979 duk ba su yarda baligi ya riƙe ƙasa biyu ba. Na 1999 ya sassauta. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a waje, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Nijeriya ne, to, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Sashe na 28 kuwa bai tuɓe irin wannan mutum ba don ya riƙe wata ƙasa; wanda ya shigo ta hanyar rajista ko neman izini shi aka ƙuntata wa. Jumhuriyar Nijar ita ma ta halatta zama ɗan ƙasa biyu a 2014. Ashe saurayin nan bai yi laifin kome ba.

Ta biyu ma da sauƙi. Sanarwar ɗaukar soja takan nemi ɗan ƙasa ta haihuwa, tare da takardar shaidar jiha da ta ƙaramar hukuma, domin sashe na 217 ya wajabta a raba aikin soja yadda kowane yanki zai sami rabonsa. A nan shaidar dagaci da hakimi ke da nauyi, su ne suka san gidan da yaro ya fito.

Ta uku ita ce mai wuya, don kuwa riƙon asiri ba haƙƙin kowa ba ne, amana ce da hukuma ke bai wa wanda ta natsu da shi. Dokar Asirin Gwamnati ta 1962 ta tanadi horo ga wanda ya fallasa. Hukumomin bincike uku da aka kafa a 1986, bayan rushe tsohuwar hukumar tsaro ta 1976, su ne ke lura da wannan fage: ɗaya ta cikin gida, ɗaya ta ƙasashen waje, ɗaya ta soja. Abin da mai bincike ke tsoro abu biyu ne. Na farko, wata gwamnati ta sami abin da za ta matsa wa hafsa da shi, watau dangi ko gona ko dukiya da ke ƙarƙashin ikonta. Na biyu, hafsan da ya ci amana ya sami wurin gudu inda hannun shari'a ba zai kai gare shi ba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin da, wanda ya kai caffa ga wani basarake ba ya kai ta ga wani, taura biyu ba ta taunuwa. Saboda haka ne sarakunan Kano suka ɗora manyan bayinsu, kamar Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, bisa al'amuran fada da makamai, domin ba su da wani jigo sai sarki. Amma fa iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1898 da 1906 ta ratsa ta tsakiyar zuriya ɗaya ne, ta raba wa da ƙane. In aka ce duk mai dangi a ƙetare abin tuhuma ne, to, daga Maigatari har Illela kaɗan ne za su tsira.

Akwai abin lura cikin yadda Amurka ta bi da batun. A can ba a ba mutum muƙamin hafsa sai ɗan ƙasa. Amma ƙa'idojin bincike da suka fara aiki a 2017 sun bayyana cewa riƙe ƙasa ta biyu shi kaɗai ba ya hana a amince da mutum. Abin da ake dubawa shi ne, ya faɗa ko ya ɓoye, kuma wace ƙasa ya fifita ranar da bukatunsu suka yi karo. Watau hali ake aunawa, ba jini ba.

Haɗarin auna jini kuwa an gan shi a fili. Cikin Janairu 1980 aka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Jihar Barno, aka kai shi Cadi bisa zargin ubansa mutumin can ne. Ministan Harkokin Cikin Gida na lokacin, Alhaji Bello Maitama Yusuf, mutumin Gwaram ne, shi ya sa hannu a takardar. Babbar Kotun Maiduguri ta soke korar, ta tabbatar Shugaba ɗan Nijeriya ne, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta goyi bayanta a 1982. Shugaba ba soja ba ne, amma darasin ya shafi bariki: in zargin asali ya zama makami, ana iya kayar da kowane hafsa da shi ranar da ake neman ƙarin girma.

Don haka malaman da ke shirya yara domin wannan aiki, abin da ya kamata su karantar a sarari yake. Yaro ya rubuta wurin haihuwarsa na gaskiya, da asalin uwarsa, da kowace takardar tafiya da ya taɓa riƙewa, tun ranar cika takardar farko. Hukuma na da ikon ta ce ya ajiye ƙasa ta biyu kafin ta danƙa masa asiri, ya kuwa zaɓa da idonsa buɗe. Saurayin Farin Dutse ba zai faɗi don uwarsa Badamagariya ce ba. Abin da zai kayar da shi, ko bayan shekara ashirin, shi ne a tarar ya ɓoye.